ITA KE ƊAUKE DA CIKIN, AMMA RABIN ABIN DA KE CIKI NAKA NE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah da Yake suranta mu a cikin mahaifa yadda Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, akwai wasu maganganu da suka zama ruwan dare a gidajenmu, ana faɗin su ba tare da an ji ɗar ba:

"Ai ita ba ta riƙe ciki."
"Wabi take yi."
"Ita dai ba ta iya komai ba sai haihuwar mata."
"Wannan ciwon daga danginta aka kwaso shi."

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta kashe aure ba ɗaya ba, ba biyu ba. Mace tana kwance ko jinin ɓari bai ɗauke mata ba, uwar miji tana tsakar gida tana yada magana, miji kuma ya yi gum kamar ba shi ya yi cikin ba. Ta rasa ɗa, sannan a ɗora mata laifin rasa shi. Wata ma takardar saki ce za ta biyo bayan ta'aziyya.

Abin da nake so mu duba yau shi ne: shin wannan hukunci da muke yankewa yana kan ilimi kuwa? Domin Suratul Isra'i, aya ta 36, ta hana mu bin abin da ba mu da ilimi a kansa, kuma ɗora wa mutum laifin da bai yi ba zalunci ne, ko da matarka ce.

ASALIN MAS'ALAR

Allah Ya gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka guda 46 da masana ke kira kuromosom. A jikinsu aka rubuta gadon halittar mutum: launin fatarsa, tsawonsa, irin jininsa, har da wasu cututtukan da ka iya samun sa. Guda 23 daga uwa suke zuwa, guda 23 daga uba. Rabi da rabi cif, babu wanda ya fi wani. A farkon Suratul Insan, da Allah Ya ambaci ɗigon da aka halicci mutum daga gare shi, sai Ya siffanta shi da kalmar da take nufin cakuɗaɗɗe, malaman tafsiri kuma tun da can suka ce ruwan namiji ne da na mace suka gauraya.

Shi ma zancen gado daga kakanni ba baƙo ba ne a wurinmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin wani baƙauye da ya zo wa Manzon Allah (SAW) hankali a tashe, don matarsa ta haifi yaro baƙi alhali shi ba baƙi ba ne. Zargi ne a ransa. Annabi bai yi masa faɗa ba. Sai ya tambaye shi ko yana da raƙuma, da irin launinsu. Ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko a cikinsu ana samun mai ruwan toka, ya amsa cewa ana samu. Da aka tambaye shi daga ina wannan ya fito, shi da bakinsa ya ce wataƙila gado ne ya jawo daga kakannin raƙuman. Nan take Annabi ya nuna masa cewa ɗansa ma haka abin zai iya kasancewa, kuma bai ba shi damar kore yaron ba.

Ku lura da kyau. Da ilimin gado Annabi (SAW) ya wanke wannan baiwar Allah, ya tsare mata mutuncinta da aurenta. To mu ma bari mu bi wannan hanya, mu ɗauki maganganun nan ɗaya bayan ɗaya.

NA ƊAYA: "SAI MATA TAKE HAIFA"

A cikin zarurrukan nan 46, biyu ne suke da alaƙa da jinsi. Mace tana da X guda biyu. Namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, ba shi da wani. Maniyyin namiji ne ya kasu biyu, wani mai X, wani mai Y. Idan mai X ya riga isa, a samu mace. Idan mai Y ne, a samu namiji. Tun 1905 wata masaniya 'yar Amurka, Nettie Stevens, ta gano wannan tsari, kuma yau ɗan sakandare ma ya san shi.

Ke nan, malam, in har akwai wanda za a tuhuma, ai ba ita ba ce. Kai ɗin ma ba za a tuhume ka ba, don ba kai kake zaɓa ba. Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50, ta yanke magana: kyautar 'ya'ya mata, da kyautar maza, da haɗa wa mutum duka biyun, da hana shi gaba ɗaya, duk na Allah ne. Kuma a wannan jerin da 'ya'ya mata aka fara. Ɓata fuska don an yi maka albishir da 'ya mace kuwa, a Suratun Nahli cikin halayen mutanen jahiliyya aka lissafa shi.

NA BIYU: "BA TA RIƘE CIKI"

Ɓari ya fi yawa fiye da yadda muke zato, don mata ba sa faɗa. Bincike ya nuna kusan 15 cikin kowane ciki 100 da aka san da shigarsa yana zubewa, mafi yawa a watanni uku na farko. Kuma kusan rabin waɗannan na farkon, sababinsu shi ne kuskuren lissafi a zarurrukan nan tun ranar da ƙwai da maniyyi suka haɗu: ɗaya ya ƙaru, ko ɗaya ya ragu. Irin wannan cikin ba zai iya girma ba ko da a kan katifa ta kwana wata tara. Ba dakan da ta yi ba ne, ba tulun da ta ɗauka ba ne, ba kuma unguwar da ta je ba ce.

Idan ɓarin ya maimaitu sau biyu, sau uku, to nan likita zai nemi sababi. Wani lokaci ciwon suga ne, ko matsalar maƙoƙo, ko siffar mahaifa, ko wani yanayi da jini ke saurin daskarewa a jijiyoyin mabiyiya, wanda ake magance shi da asfirin da allurar tsinka jini a ƙarƙashin kulawar likita. A wasu 'yan ma'aurata kuma, ɗayansu ne yake ɗauke da zarurrukan da suka sauya wuri, shi lafiyarsa ƙalau, sai wajen haihuwa abin yake bayyana. Wannan ɗayan yana iya zama matar, yana iya zama mijin. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa zai ce su zo su biyu. Mu kuwa sai mu tura ta ita kaɗai, in ma an bar ta ta je.

NA UKU: "WABI TAKE YI"

Nan ne aka fi zaluntar mata. Ta haifi na fari lafiya. Na biyu ya zo, kwana ɗaya ko biyu idonsa ya yi ɗorawa da shawara, ya koma. Na uku a ciki ya mutu, aka haife shi a kumbure. Shi ke nan sai a ce ɗan wabi ne yake zuwa yana komawa, a sa wa na gaba suna Ajuji ko Ayashe. Wasu su ce aljani ya aure ta, wasu su nuna kishiya.

Ga wani sababi da kowane ma'auraci ya kamata ya sani. Ka ga alamar tarawa ko ta ɗebewa da ake sa wa a gaban rukunin jini, a ce O+ ko O−? Wannan alamar tana nuna ko akwai wani sinadari a bayan jajayen ƙwayoyin jininka, wanda ake kira Rh. Karl Landsteiner da Alexander Wiener ne suka bayyana shi a 1940. Mafi yawanmu muna da shi. Waɗanda ba su da shi a cikinmu ba su kai ɗaya cikin goma ba, amma a cikin miliyoyin mata, ai ba kaɗan ba ne.

Idan uwa mai alamar ɗebewa ce, uba mai alamar tarawa, jariri yana iya gado jinin ubansa. Lokacin haihuwa, ko ɓari, ko zubar jini, ɗan jinin jaririn yakan shiga jikin uwa. Jikinta bai san wannan sinadarin ba, sai ya ɗauke shi a matsayin baƙon abu, ya tanadi dakarun yaƙi da shi. Na fari yakan tsira don kafin a gama shiri ya fito. Na gaba in ya zo da irin jinin uban, sai dakarun nan su ratsa mabiyiya su riƙa farfasa masa jini tun yana ciki. Ga ƙarancin jini, ga shawara mai tsanani, ga kumburi, ga mutuwa.

Subhanallah! Jinin da ɗan ya gada daga mijin ne jikinta yake faɗa da shi, ba da saninta ba, ba da sanin mijin ba. To wa ke da laifi a nan? Babu.

Kuma Allah Ya kawo sauƙi. Tun 1968 aka fara amfani da wata allura, Anti-D, da ake yi wa irin wannan uwa cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, a wurare da yawa kuma har da lokacin da ciki ya kai mako 28. Tana hana jikin tanadar dakarun tun farko. Sharaɗinta dai a yi ta kafin jikin ya riga ya shirya. In ya riga, allurar ba za ta warware ba, sai dai a riƙa bibiyar cikin a babban asibiti, a shirya wa jaririn ƙarin jini da hasken da ake sa wa masu shawara, kuma da yawa suna rayuwa da iznin Allah. Allurar tana da tsada, gaskiya ne. Amma wanda ya iya haɗa lefe da ragon suna, in ya san da ita tun cikin yana wata biyu, zai iya tanadi.

A kula: bambancin Rh ba ya hana aure. Sani kawai yake buƙata. Kuma ba kowane wabi ne wannan ba. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon suga, hawan jini, tunjere da sikila duk suna kashe jarirai, kuma duk ana gano su da gwaji.

NA HUƊU: "DAGA DANGINTA AKA KWASO"

Wannan an fi faɗin ta idan an haifi mai sikila, wato amosanin jini. Jan jini mai lafiya yana kwana kusan 120 a jiki. Na mai sikila yana lanƙwashewa kamar lauje, ya toshe ƙananan jijiyoyi, kuma cikin kwana 10 zuwa 20 ya mutu. Daga nan ciwon ƙashi da yawan ƙarin jini suke fitowa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu shi. Ana ƙiyasta kusan jarirai 150,000 ake haifa da shi duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar AS ne.

To a ji da kyau: yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S ɗaya daga uwa, S ɗaya daga uba. Babu wata hanya. Duk uban da yake da ɗa SS, shi ma yana ɗauke da S, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Akwai wani kuskure da ake yi a lissafin. Idan AS ya auri AS, ana cewa ɗaya cikin huɗu. Sai mutum ya zaci in ya haifi huɗu, ɗaya ne kawai zai zo da ciwon. A'a. Kowane ciki ƙuri'a ce sabuwa. Wani gidan su haifi biyar babu SS ko ɗaya, wani gidan uku a jere. Haka kuma AS da AC suna iya haifar SC, shi ma ciwo ne.

Saudiyya ta wajabta wannan gwaji kafin aure tun 2004. Jihar Kano ma ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Shugaba yana da damar wajabta abin da zai kare rayuka da zuriya, don kare su yana cikin manyan manufofin Shari'a. Wanda ya sayi takardar bogi don a ɗaura, ya yi ha'inci, kuma yaron da zai kwana yana ihu cikin dare shi zai biya kuɗin. A yi gwajin tun kafin soyayya ta yi nisa, kar a bari sai an sa rana.

Waɗanda kuma suka riga suka yi aure, ba cewa nake ku rabu ba. Ku je ku zauna da likita ku biyu, a gwada kowane jariri da wuri. Yaron da aka gane shi tun yana ƙarami, aka kare shi daga sauro, aka yi masa rigakafi, aka ɗora shi a kan magungunan da suka dace, rayuwarsa ba ɗaya take da ta wanda aka bari ana ta gwada masa saiwa ba.

SAI WADDA TAKE KASHE UWAR DA KANTA

Akwai hawan jinin da ciki yake kawowa bayan mako 20. Awon jini ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, furotin ya fito a fitsari. Alamominsa su ne kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai nacin gaske, gani dishi-dishi, da ciwo a saman ciki wajen dama. In aka yi sake sai ya kai ga jijjiga: ta faɗi, ta sanƙare, tana taune harshe. A nan ne za ka ga an rufe ɗaki, an kunna hayaƙi, an ce mutanenta ne suka tashi.

Asalin wannan ciwo daga mabiyiya yake, ita kuwa mabiyiya daga halittar jariri aka gina ta, wato rabinta gadon uba ne. A 1998 masana a ƙasar Nowe suka fitar da binciken da suka yi a kan rajistar haihuwa sama da miliyan ɗaya. Suka ga cewa namijin da matarsa ta yi wannan ciwon, in ya yi wa wata matar daban ciki, haɗarin ita ma ta yi shi ya kusa ninkawa. Masu mata biyu da uku, wannan naku ne. A 2017 kuma wani babban bincike ya gano wani gurbi a gadon halittar jariri, a kan zare na 13, da yake da alaƙa da ciwon. Ɓangaren uwa ma yana da tasiri: wadda mahaifiyarta ko 'yar uwarta ta yi, ta faɗa wa ma'aikatan awo tun zuwan farko.

Magani fa? A 2002 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, aka ga allurar maganiziyam salfet tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Allura ce mai araha. Masu haɗarin kamuwa kuma likita yakan ɗora su a kan ɗan ƙaramin asfirin tun farkon ciki. Kada wata ta je kemis ta saya da kanta. Duk wannan ba ya samuwa sai an je awo, an ɗaura mata abin gwajin jini a hannu, aikin minti biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8. Ita dai hukumar ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 260,000 suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kusan 75,000 daga cikinsu a Najeriya. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

"TO MALAM, INA ƘADDARA?"

Tana nan daram. Babu cikin da zai zube sai da iznin Allah, kuma wani za a yi duk abin da ya dace amma ya tafi. Sai dai wanda Ya ƙaddara cutar Shi Ya ƙaddara maganin, kuma Annabi (SAW) ya umarci a nemi magani, kamar yadda ya zo a hadisin Usama ɗan Sharik. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ce masa annoba ta ɓarke, komawa ya yi da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Umar bai fi mu ƙarancin tawakkali ba.

Mun yi imani da aljanu, da sihiri, da kambun baka, kuma ruƙiyya ta Shari'a gaskiya ce. Amma cewa wannan cikin aljani ne ya zubar da shi, ko wance ce ta yi asiri, da'awa ce, ita kuwa da'awa sai da hujja. Ka tofa mata Fatiha da Falaƙi da Nasi, amma ka tofa kuna cikin mota kuna hanyar asibiti.

Haka nan hadisi ya tabbata cewa macen da ta rasu wajen haihuwa shahida ce. Wannan darajarta ce ita. Ba ta wanke mijin da ya hana ta zuwa awo, ko ya ce sai gari ya waye alhali tana zubar da jini. Shi za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo.

Sannan ku tuna gidan Annabi (SAW). Alƙasim da Abdullahi, 'ya'yansa maza daga Nana Khadija, suna ƙanana suka rasu. Ibrahim ɗan Mariya ma bai kai shekara biyu ba. Waɗanda suka girma mata ne huɗu, kuma ta kan Nana Faɗima zuriyarsa ta wanzu. Da Khadija a wasu gidajenmu take, da an ce wabin maza take yi. Shi kuwa bai yi mata kishiya ba har ta bar duniya, kuma bai daina ambaton alherinta ba.

ABIN DA YA RAGE MANA

Ɗan uwa magidanci, ka san rukunin jininka da na matarka, da jinotayif ɗinku. Gwaji biyu ne daban, kar a haɗa su. In ciki ya shiga, ka ba ta izinin awo tun da wuri, izini na gaba ɗaya, har da na fita cikin dare in ba ka nan. Kuɗin awo ka sa shi cikin cefane. In likita ya ce kai ma ka zo, ka je, ba a rage wa namiji komai don an ɗebi jininsa. In kuma aka yi rashi, kai ne garkuwarta a gaban danginka. Ka yi wa mahaifiyarka bayani cikin ladabi da taushin murya, amma ka yi.

Iyayenmu mata, Allah Ya ƙara girma. Wannan yarinyar 'yar wasu ce, kamar yadda taku take gidan wasu.

'Yar uwa, ke da kika binne ɗaya, ko biyu, ko fiye, Allah Ya ga hawayenki. An ruwaito cewa ɗan ɓari ma zai ja mahaifiyarsa zuwa Aljanna in ta yi haƙuri ta nemi lada. Ki riƙe katin awonki, ki faɗa wa likita tarihin kowane ciki ba tare da ɓoye komai ba, ki tambayi rukunin jininki. Neman sababi ba ya rage ladan haƙuri.

'Yan uwana limamai da masu ɗaurin aure, mu tambayi takardar gwaji kamar yadda muke tambayar sadaki da waliyyi.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya. Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba. Ya ba masu sikila sauƙi, Ya saka wa iyayensu. Ya jiƙan matan da suka rasu a kan gwiwa, Ya karɓi shahadarsu. Ya tsare mu daga zaluntar waɗanda Ya ba mu amanarsu.

Wanda ya san gidan da ake cikin irin wannan hali, ya tura musu, ko ya karanta musu.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.